Kurakuran Masu Fara Fatsar Sitilhed da Sandar Gora a Lokacin Sanyi

Daga Disamba zuwa Afrilu ne kifin sitilhed na lokacin sanyi, wani babban kifi mai launin azurfa da ke girma a teku ya koma kogi don yin ƙwai, yake barin tekun Fasifik ya hau kogunan jihar Washington ta Amurka, irin su Hoh da Sol Duc da Bogachiel, kuma duk shekara a gaɓar waɗannan koguna ina ganin sababbin masu fatsa riƙe da sandar gora mai tsada suna maimaita ɓarna iri ɗaya, har abin ya ishe ni.

Kuskure mafi muni shi ne miƙar da sanda tsaye sama a lokacin da kifi ya matso kusa da ƙafa. Wannan sanda da goran Tonkin na kudancin Sin ake yin ta, ana fere tsagi shida a manne su wuri guda, ƙarfinta kuwa yana gindi ne, ba a siririn kanta ba. Idan ka miƙar da ita, ka ɗora nauyin kifi mai kilo 5, wani ma ya kai 9, a kan wurin da bai fi tsinke kauri ba. Na taɓa ba wani baƙo aron sandata a bakin Hoh, na kuma ja masa kunne a kan wannan, amma da ya hango azurfar jikin kifin sai ɗoki ya kwashe shi, ya ɗaga hannu, kan sandar ya karye a ƙasan zobe na biyu cikin zobban da igiya ke bi. Sauran kakar ta wuce kafin maƙerin ya sassaƙo mini wani. Ba na karɓar uzuri a nan. Ka kwantar da sanda gefe, ka ja da baya zuwa gaɓa da ƙafafunka, kuma idan kokawar ta yi tsawo ka riƙa juya sandar zobba su dubi sama, don kada gorar ta tanƙware ta zauna a karkace. Haka idan ƙugiya ta maƙale a dutse: ka nuna wurin da kan sanda, ka ja igiya da hannu.

Na biyu shi ne fizga da wuri. Ruwan Janairu yakan sauka zuwa digiri 4 ko 5, kifin ya yi nauyin jiki, sai ya kama ƙudan gashin tsuntsu, wato ƙudan ƙarya da ake ɗaurawa a ƙugiya, a hankali, ya taɓa ya saki, ya sake taɓawa. Wanda ya saba da ƙananan kifaye sai ya fizge ƙugiyar daga bakinsa, alhali watakila wannan ce damarsa kaɗai a mako guda. Ni ba na motsa hannu sai na ji nauyi sosai kuma igiya ta fara zarewa da kanta, sannan in karkata sanda wajen gaɓa.

Akwai kuma masu ɗora wa gora kayan da aka yi domin sandar zamani. Doguwar igiyar nutsewa mai nauyi da ake kira T-14 da ƙuda mai idon darma suna gajiyar da mahaɗan sanda. Al'adata ita ce mita 3 na T-11, wadda ba ta kai T-14 nauyi ba, kuma ina fara mirgino igiyar zuwa saman ruwa kafin in jefa, da jinkirin da gora take so. Wasu ba su yarda da ni ba, amma na gwammace in zaɓi ruwan da ke tafiya daidai takun mutum, mai zurfin mita 1 zuwa 2, da in tilasta wa sanda tonon rami. Kada kuma ka kutsa ruwa har ƙugu, domin idan kogi ya yi duhu kifin yana kwance dab da gaɓa.

Ƙanƙara ta toshe zobba? Tsoma su cikin kogi, kada ka ɓalle ta da yatsa. Wajen raba sanda ka ja mahaɗin ƙarfe kai tsaye ba tare da murɗawa ba. Ka goge ta, ta kwana ba a cikin bututun ajiyarta ba, nesa da na'urar ɗumama ɗaki.

Wanda nake yi wa faɗa ko ban san shi ba shi ne mai ɗaga kifin daji, wato wanda aka ƙyanƙyashe a kogi, domin hoto. Ƙaramin fiffiken nama da ke bayansa kusa da wutsiya shi ne shaida: na gidan ƙyanƙyasa an yanke masa, na daji yana da nasa. Dokar Washington ta hana fitar da na daji gaba ɗaya daga ruwa idan za a sake shi. Ka danne ƙayar ƙugiyarka tun a gida, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, ka zare ƙugiyar kansa yana cikin ruwa, ka riƙe shi yana fuskantar kwararar kogi har sai ya ƙwace da ƙarfinsa.