Yadda zaka ɗumama gida mai shigar iska da murhun kwal lokacin sanyi

Idan gidanka irin wanda iska ke kutsowa ta ko'ina ne, toh kafin ma ka taɓa ashana ka sani cewa duk maganar murhun kwal maganar iska ce. Iskar dake shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ita ke kwashe maka ɗumi, amma kuma murhun in bai samu iska ba ko dai ya mutu ko ya dawo maka da guba cikin ɗaki. Aikin shine ka toshe inda ya kamata ka bar inda ya kamata.

Fara da gidan tukuna. Ranar da ake iska ka kunna kyandir ka zagaya dashi a hankali gefen tagogi, ƙasan ƙofofi, wajen da bututun ruwa ko wayar wuta suka huda bango, duk inda harshen wutar ya karkata toh nan ne ɓarakar take. Ka liƙa robar toshe iska a gefen ƙofa, tagogi a sa musu leda mai kauri ko labule mai nauyi, ƙasan ƙofa ko tsohon bargo ka naɗe ya isa. Amma wajen da mutane suka fi mantawa shine sama. Iska mai ɗumi tashi take yi, in akwai huji a silin ko ƙofar hawa rufi bata rufuwa da kyau ta nan zata gudu, kuma duk wadda ta fita ta sama sai mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta, shi yasa zakaga mutum na ta zuba kwal ƙafarsa na daskarewa. Toshe saman ya fi toshe taga goma amfani. Sai dai kar a rufe gidan ruf, a bar wata ƴar kafa kusa da murhun, in da hali ma a jawo masa bututun iska daga waje kai tsaye.

Sai murhun da bututun hayaƙinsa. Dole murhun ya zama na kwal ne, wato mai ragar ƙarfe a ƙasa wadda ake girgizawa da tiren toka a ƙarƙashinta, domin kwal ta ƙasa yake shan iska, ba kamar itace ba da yake ci ko an ɗora shi kan toka. A ajiye shi kan abin da baya cin wuta, kuma in masu ƙera shi basu faɗi wata tazara daban ba a bar kamar santimita 90 tsakaninsa da katako, labule ko kujera. Bututun kuwa a samu wanda ya san aikin ya duba ya share shi kafin sanyi ya shigo, tsuntsu ma na iya yin sheƙa a ciki ya toshe shi baka sani ba.

Dan Allah, na'urar gano kabon monoksaid ba zaɓi bace. Wannan iskar guba ce, bata da wari bata da kala, kuma kwal na fitar da ita sosai musamman da dare in an rage masa iska. A sa ɗaya kusa da ɗakunan kwana, a riƙa gwada batirinta. In mutanen gida suka fara ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko wani irin barci mai nauyi a lokaci ɗaya, kowa ya fita waje nan take a nemi asibiti, kar a tsaya neman dalili.

Wajen sayen kwal, antarasait ne ya fi, mai ƙarfi ne mai sheƙi, kabon ɗinsa ya haura kashi 86 cikin 100, hayaƙinsa kaɗan ne kuma yana daɗewa, matsalarsa kawai wuyar kamawa. Kwal mai laushi da ake kira bitumin ya fi saurin kamawa amma ga hayaƙi ga baƙin ƙura dake cika bututu, har a Ingila an hana sayar da irin wannan kwal ɗin na gida tun 2023, don haka ka duba dokar inda kake. Girman ƙwayar ma ya dace da ragar murhunka, in yayi ƙanana zai zube ta ciki.

Yanzu kunnawa, kuma anan ake buƙatar haƙuri. Kwal baya kamawa da takarda. Ka buɗe ƙofar iskar ƙasa, wato wadda ke shigar da iska ƙarƙashin ragar, gabaɗaya, ka hura wutar busasshen itace ko gawayi har sai ta zama garwashi jajur da ya rufe ragar duka. Fetur ko kananzir kar ma ya zo kusa. Sai ka barbaɗa kwal kaɗan a kai, shimfiɗa ɗaya siririya, ka jira mintuna har kaga harshen wuta shuɗi na rawa a samansa, sannan ka ƙara wata, ka sake jira, a haka a haka har ya cika zuwa saman bulon jure wuta da aka jera a bangon cikin murhun. Mutane na tsoron cikawa suna ganin kamar zafin zai yi yawa, alhali kwal in yayi kaɗan mutuwa yake yi, zurfinsa ne ke riƙe wuta. Zafin kuma da ƙofar iskar ƙasa ake sarrafa shi ba da yawan kwal ba, ka rage ta kaɗan kaɗan, kuma ka bashi kamar rabin awa kafin ka sake taɓawa don kwal baya amsawa da sauri.

In ya zauna da kyau zai iya kai awa 10 zuwa 12, wato safe da dare kenan. Duk lokacin da zaka ƙara, fara buɗe iska wutar ta farfaɗo, sai ka girgiza ragar gajere gajere har ka hango ja a tiren toka, daga nan ka tsaya. Kar ka riƙa tona shi da ƙarfe ta sama kamar wutar itace, toka zata cakuɗe da garwashi ta kashe shi. Kuma in kana zuba sabo kar ka binne jan gabaɗaya, bar gefe ɗaya a buɗe yana ci, saboda sabon kwal na fitar da gas, in bai samu wutar da zata cinye shi ba sai ya taru ya kama lokaci ɗaya ya buga har ƙura ta fito ta ƙofa.

Toka a kwashe kullum, in ta taru ta taɓo ragar zata hana iska kuma ragar na iya lanƙwashewa. A bokitin ƙarfe mai murfi ake zubawa a kai waje nesa da bango, ba a barinta cikin gida don tana iya ɗauke da garwashi kwanaki. Tokar kwal bata da kyau ga lambu, a zubar da ita in ta huce.

Don ɗumin ya kai ɗakunan nesa, ajiye ƴar fanka a ƙasa a bakin ɗakin mai sanyi tana tura iska zuwa wajen murhun, mai ɗumin zata bi ta sama ta shiga da kanta. Ɗakunan da ba a amfani dasu a rufe. In iska ta bushe har maƙogwaro na kaikayi a ɗora tukunyar ruwa kan murhun. Fankar zuƙe hayaƙi ta kicin ko banɗaki kuma a lura da ita, a gidan da aka toshe sosai tana iya jawo hayaƙin murhun ya dawo ciki.

Ranakun da gari ya ɗan yi ɗumi ƙarfin da bututu ke jan hayaƙi dashi na raguwa, toh gara a bar wutar ta mutu da a shaƙe ta a ce ana tattali. In sanyi ya wuce a kwashe tokar duka, a cire bututun ƙarfen a share shi tas a ajiye a bushe, domin tokar kwal akwai sulfa a ciki, da ta haɗu da laima zata cinye ƙarfen kafin shekara ta zagayo.