Yadda Za Ka Saurari Waƙoƙin Indiyawan Ƙetare Har Ka Ji Inda Aka Yi Haɗin

Duk wanda kunnensa ya saba da waƙoƙin fina-finan Indiya, ranar da ya fara jin waƙar ɗan Indiyan da aka haifa a Ingila ko wanda ya tashi a Kanada, ɗayan biyu yake yi: ko ya ce wannan ai ba ta Indiya ba ce, ko ya ce duk kanwar ja ce, ganga kawai aka ƙara mata. Duka biyun garaje ne. Ni idan irin wannan waƙa ta shigo hannuna, bin ta nake yi gaɓa-gaɓa har in gano abin da mawaƙin ya riƙe na gidan iyayensa, da abin da ya saki, da abin da ya ara wajen maƙwabtan da ya tashi a cikinsu. Hanyar da nake bi ita zan nuna maka. Ba sai ka iya Punjabi ko Tamil ba, ba kuma sai ka taɓa riƙe wani abin kiɗa ba.

Nemi iyafis mai kyau tukuna. Lasifikar waya tana cinye amon ƙasa, wato bes, alhali rabin aikin a can aka yi shi. Ka kuma sa a ranka cewa kowace waƙa sai ka maimaita ta: jin farko na ganga ne, na biyu na abin da ke shimfiɗe ƙarƙashin murya, na uku na muryar kanta.

Akwai zaton da ya kamata ka ajiye tun daga bakin ƙofa, cewa waƙar fim ita ce gargajiyar Indiya. Nemo "Chura Liya" ta asali, wadda R.D. Burman ya tsara wa fim ɗin Yaadon Ki Baaraat na 1973, Asha Bhosle da Mohammed Rafi suka rera. Da ƙarar gilashi take buɗewa, sai jita ta biyo baya. Tun a Bombay an riga an cuɗa ta da kayan kiɗan Turawa. Daga nan ka sa wadda Bally Sagoo, haifaffen Delhi da ya tashi a Birmingham, ya sake ginawa a albam ɗinsa Bollywood Flashback na 1994. Karin waƙar yana nan daram, amma ƙasanta ya koma reggae, ga wani kuma yana jefa baitoci da salon 'yan Jamaika. Gauraye ne aka ɗora kan gauraye. Gargajiyar da za mu nema ta girmi fim nesa ba kusa ba: kiɗan manoman Punjab, da kiɗan raga, wato tsohon tsarin karin waƙa, na arewacin Indiya, da na kudu wanda ake kira Karnatik.

To, ganga. Wadda za ka fi cin karo da ita dhol ce, babba mai fuska biyu da ake ratayawa, ana kaɗa ta da sanduna biyu da ba su yi kama ba. Dagga mai kauri ce mai lanƙwasa, ita ke ba da amon ƙasa; tilli siririya ce, tana ba da na sama mai kaifi. Ita ce gangar bhangra, rawar da ta fito daga ƙauyukan Punjab lokacin girbin alkama da bikin Vaisakhi na watan Afrilu. Kiɗan da aka fi yi da ita sunansa chaal, bugu takwas ne, amma ba a miƙe yake tafiya ba. Akwai ɗan ɗingishi a cikinsa, wani bugun ya ja, na bayansa ya yi sauri. Ɗingishin nan shi za ka nema. Ka tafa hannu daidai da waƙar. In ka ji tafinka yana zama daidai amma sandar sama tana ɗan zamewa tsakanin tafi da tafi, kafaɗarka kuma ta fara motsi kafin ƙafarka, to dhol ɗin yana raye. In kuwa komai ya miƙe sambal, furodusa ya daidaita shi da kwamfuta ya bar maka amon kawai.

Waƙar da nake ba kowa ya gwada wannan da ita ita ce "Mundian To Bach Ke" ta Panjabi MC, ɗan Coventry. Ta fito a albam ɗinsa na 1998, ta yi shekaru tana yawo tsakanin 'yan Asiya kafin ta fashe a Jamus, sannan ta kai ta 5 a jerin waƙoƙin Birtaniya a 2003, shekarar da Jay-Z ya ɗora mata baitocinsa. Abu huɗu ne a cikinta, kuma kowanne ana jin sa shi kaɗai. Sautin nan mai tsini da ke maimaita kansa tumbi ne, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya tak. Muryar ta Labh Janjua ce, mawaƙin Punjab, yana rerawa a sama da ƙarfi irin na wanda ya saba waƙa a fili. Ga dhol. Bes ɗin kuwa daga kiɗan buɗe shirin talabijin na Amurka Knight Rider aka ɗauko shi. Ka bi tumbin kaɗai daga farko har ƙarshe, sannan ka koma ka bi bes ɗin kaɗai. Za ka ji babu wanda ya sauya tafiyarsa don ɗan'uwansa, an dai gano cewa tafiyarsu ɗaya ce.

Tabla sai an ƙara natsuwa. 'Yan ganguna biyu ne da ake kaɗawa da yatsu, kuma ta hagu, wadda ake kira bayan, makaɗi yana danna ta da dunduniyar hannu yana turawa, sai amon ya hau ya sauka. In a waƙa ka ji wannan hawa da saukar yana canzawa daga layi zuwa layi, mutum ne a zaune yana kaɗawa. In iri ɗaya ne kullum, guntu aka yanko ake maimaitawa. Talvin Singh, haifaffen Landan wanda ya je Indiya ya koyi tabla a gaban malami, shi ya fi kowa nuna yadda za ta zauna cikin kiɗan na'ura mai gudu na kulob-kulob ɗin Landan, kuma albam ɗinsa OK ya ci kyautar waƙa ta Birtaniya mai suna Mercury a 1999. Ga abin da za ka lura da shi a irin wannan aiki. Kiɗan Indiya zagaye yake yi, misali teental mai bugu 16, kuma mawaƙi da makaɗi duk inda suka yi yawo, a bugun farko na sabon zagaye suke haɗuwa, wanda ake kira sam. Kiɗan kulob yakan fara da ƙarfi a bugun farko. Na Indiya yakan yi tattaki ya sauka a kansa. Ka ƙirga, ka ga wanne waƙar ta bi.

Ji na biyu shi ne wurin da nake daɗewa, domin nan ne rigimar gaskiya take. Kiɗan raga ba ya canza kod, wato haɗin sautuka uku ko huɗu da mai fiyano ko jita ke dannawa lokaci guda yana sauyawa yayin da waƙa ke tafiya. Maimakon haka akwai tanpura, mai dogon wuya, da ke riƙe sauti ɗaya, wanda ake kira Sa, tare da abokinsa, daga farkon waƙa har ƙarshe, murya tana fita tana dawowa gare shi. Kiɗan Turawa kuwa sauyin kod ne yake tura shi gaba. Duk mawaƙin da zai haɗa su sai ya zaɓi wanda zai yi haƙuri. Yadda za ka gane zaɓinsa ba wuya: nemo sautin da waƙar ta fi hutawa a kansa, ka riƙe shi da hanci, baki a rufe, kar ka saki. In ka kai ƙarshen waƙar bai yi karo da komai ba, an bar Sa a mazauninsa. In kowane layi biyu ka ji sautin naka ya yi tsami, kod ne ke mulki, raga ta zama baƙuwa.

Sheila Chandra, wadda aka haifa a Landan, ta shiga jerin waƙoƙin Birtaniya tun a 1982 da ƙungiyar Monsoon tana matashiya. Amma aikinta da nake so ka ji shi ne Weaving My Ancestors' Voices na 1992. Ta zubar da kusan komai, ta bar murya da sautin nan guda mai tsayi, sannan ta ɗauko tsofaffin waƙoƙin gargajiya na tsibiran Birtaniya ta rera su a kansa. Akasin abin da aka saba ke nan: ba Indiya aka sa wa rigar Turawa ba, waƙar Turawa ce aka zaunar a shimfiɗar Indiya, kuma ta zauna lafiya. Susheela Raman, 'yar Tamil da aka haifa a Landan ta tashi a Ostireliya, ta bi ɗaya hanyar a Salt Rain na 2001, inda ta ɗauki waƙoƙin ibada na Karnatik ta sa musu jita da bes. Wasu masu riƙon gargajiya ba sa son irin wannan. Ni ina so, saboda in ka yi gwajin hancin za ka ji makaɗanta sun taƙaita sauyin kod don kada su take muryar.

Muryar kuma, abin nema a cikinta shi ne abin da ke tsakanin sautuka. Mawaƙin Indiya ba ya tsallakawa daga sauti zuwa sauti, zamewa yake yi, abin da 'yan arewacin Indiya ke kira meend. 'Yan kudu kuma suna girgiza sautin a wurinsa, shi ne gamaka. Batun ba ƙarami ba ne a wajensu. Gidan rediyon gwamnatin Indiya ya hana amfani da harmoniyam, wani abin kiɗa mai maɓallai irin na fiyano, a shirye-shiryensa daga 1940 har zuwa 1971, kuma cikin dalilan akwai cewa maɓallansa ba sa iya wannan zamewar. Yau abin da ke yi wa zamewar barazana manhajar gyaran murya ce a situdiyo, wadda in aka matsa ta take jan kowane sauti ta manna shi a kan na fiyano mafi kusa. Ka ɗauki dogon wasali guda a ƙarshen baiti ka saurara: zamewa yake yi a hankali, ko hawan matakala yake yi?

Sid Sriram ya dace da wannan darasin. An haife shi a Chennai, aka kai shi Kalifoniya yana jariri, mahaifiyarsa malamar Karnatik ce kuma a gabanta ya koya, sannan ya yi karatu a kwalejin kiɗa ta Berklee. A.R. Rahman, mai tsara kiɗan fim, ya fara sa shi a fim da waƙar "Adiye". A layi guda yakan fara da lanƙwasar murya irin ta mawaƙan soul na baƙaƙen Amurka ya ƙare da gamaka. Bambancinsu a kunne shi ne ta soul gudu take yi ta bi sautuka da yawa, gamaka kuma tana tsayawa ta girgiza guda.

Sai ka tambayi inda mawaƙin ya tashi, domin abin da ya ara yawanci na maƙwabcinsa ne, ba na wata "Yamma" a dunƙule ba. Apache Indian ya tashi a Handsworth ta Birmingham, unguwar da 'yan Punjab da 'yan Jamaika ke zaune gida da gida, shi ya sa a "Arranged Marriage" yake maganar auren haɗi da harshen Jamaika a kan kiɗan da ke da ƙamshin bhangra. A Southall ta yammacin Landan ƙungiyar Alaap ta fara a ƙarshen shekarun 1970, kuma a shekarun 1980 aka yi yayin casun rana, saboda iyaye da yawa ba sa barin 'ya'yansu, musamman mata, su fita da dare. A Kanada ta yau, AP Dhillon da abokansa sun ɗora Punjabi kan kiɗan gambarar Amurka mai jan bes a "Brown Munde" ta 2020, inda harshe da lanƙwasar murya suka fi kayan kiɗa ɗaukar nauyin gida. Tsohuwar haɗuwa kuma tana Trinidad, inda aka fara sauke 'yan ƙwadagon Indiya a 1845. Jikokinsu suka fito da kiɗan chutney, da gangar dholak da harmoniyam da dhantal, wani sandan ƙarfe da ake bugawa, Sundar Popo yana cuɗa harshen Bhojpuri na Indiya da Turancin tsibirin, kafin Drupatee Ramgoonai ta aurar da shi ga soca, kiɗan rawa na tsibirin, a ƙarshen shekarun 1980. Ba kullum Turawa ne abokan haɗin ba ma: Kiran Ahluwalia, mai rera waƙoƙin bege na ghazal da ta tashi a Kanada, ta yi albam ɗin Aam Zameen na 2011 tare da Tinariwen, Buzayen Mali masu jita.

Bayan duk wannan, akwai gwajin da nake yanke hukunci da shi. A cikin kanka ka cire ɓangaren Indiyan ka ga ko waƙar za ta tsaya. In ta tsaya cak, sitar ɗin, wato abin kiɗan Indiya mai tsirkiyoyi, da ka ji a farko ado ne aka liƙa. In ta rushe, ginin ne. Cire tumbi da dhol da muryar Labh Janjua daga waƙar Panjabi MC, abin da zai rage kiɗan talabijin ne. Gwajin ba na raba mai kyau da marar kyau ba ne, kar ka ɗauke shi haka. Jay Sean ya fara da "Dance With You" a 2003 tare da Rishi Rich da Juggy D, rabi Turanci rabi Punjabi. "Down" da ta kai shi ta ɗaya a Amurka a 2009 kuwa ba ta da ko ɗigon kiɗan Indiya, kuma bai ce tana da shi ba. Wannan ba ya damuna. Mai damuna shi ne wanda zai yayyafa daƙiƙa goma na sitar a kan waƙar da aka riga aka gama, ya ce ya haɗa al'adu biyu.

In waƙa ta rikita ka, nemi bidiyon da aka rera ta kai tsaye, inda ba wurin ɓuya. Zaman da Sid Sriram ya yi a shirin Tiny Desk na gidan rediyon NPR a 2023 ya isa farawa. Ka sa ido kan makaɗan lokacin da ya shiga dogon gamaka, ka ga wa ya ci gaba da sauya kod, wa ya tsaya a kan sauti guda yana jiran sa ya sauko.