Yadda za ka lissafa abin da yawan tafiya ke rage wa motar tsere in ka tashi sayarwa

Duk wanda ya zo sayen Ferrari ko Lamborghini ko McLaren ta hannu, kafin ya duba fenti, kafin ma ya ce a tayar masa da inji ya ji, idonsa na kan mita, mil nawa ta yi. A motar yau da kullum in ta yi mil 12,000 a shekara ba wanda zai ɗaga gira, haka ake tafiya. Amma a irin waɗannan motocin yawanci mil 1,000 zuwa 3,000 a shekara ake sa ran gani, in taka ta wuce haka sosai to sunanta ya koma "wadda aka mora", kuma da wannan sunan za a taya ta. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, ga masu lissafi da kilomita.

Farkon abin da za ka yi shine ka san wace iri ce a hannunka, don ba duka mita ke cin su daidai ba. Akwai waɗanda kamfani ya ƙera da yawa, misali Lamborghini Gallardo da aka yi sama da 14,000 tsakanin 2003 da 2013. Mai neman irinta yana da zaɓi, in ya ga taka ta yi mil 30,000 ga wata can mai 9,000 kala ɗaya shekara ɗaya, me zai tsaya yi a wajenka in ba ka sauko da kuɗi ba? Akwai kuma waɗanda ko da kuɗinka sai ka jira wani ya gaji da tasa. McLaren F1 guda 106 kacal aka yi. A 2021 an yi gwanjon wata a Amurka da ba ta kai kilomita 400 ba, ta tashi sama da dala miliyan 20. Amma ita ma ta Rowan Atkinson, ɗan wasan nan da ke fitowa a Mr Bean, wadda ta yi wajen mil 41,000 har ta yi hatsari sau biyu, a 2015 an saye ta kusan fam miliyan 8, ninkin ba ninkin abin da ya saye ta. Kaga kenan in mota ta yi ƙaranci a duniya tana iya shanye mita, in kuwa irinta ta cika kasuwa to kowane mil da kuɗinsa yake tafiya.

Sai lissafi, kuma nan ne nake so a nutsu don mutane da yawa tsoro kawai suke ji ba su taɓa zama sun buga ba. Ka shiga shafukan sayar da motoci ka nemo irin taka sak, shekara ɗaya, giya iri ɗaya, kamar guda goma in za su samu, ka rubuta mil da farashin kowace. In da hali ka fi ba farashin da aka riga aka sayar muhimmanci, irin sakamakon gwanjo, don abin da dila ya liƙa a gilashi buri ne kawai. A ce, misali kawai nake bayarwa, mai mil 8,000 ta tafi a dala 200,000, mai mil 20,000 kuma a 176,000. Bambancin kuɗi 24,000, bambancin tafiya mil 12,000, kenan kowane mil dala 2 yake ci. To in kana yin mil 4,000 a shekara ka san dala 8,000 ce ke zubewa ta wajen mita kaɗai, banda faɗuwar da shekaru ke kawowa. Da wannan lambar a hannu kai da kanka za ka yanke ko daɗin tuƙin ya kai wannan kuɗin.

Abin lura, faɗuwar ba a miƙe take ba. Mil na farko-farko sun fi tsada, motar da ke da mil 500 in ta koma 3,000 ta fita daga ajin "kamar sabuwa" gaba ɗaya, alhali daga 40,000 zuwa 42,500 da wuya mai saye ya damu. Sannan akwai lambobin da ke tsaya wa mutane a rai, 5,000, 10,000, 20,000, saboda a shafin bincike mutum cewa yake a nuna masa ƙasa da 10,000, to mai 10,200 ko ganinta ba zai yi ba. In kana da niyyar sayarwa kuma kana 9,300, sa ta kasuwa yanzu, kar ka ce bari in ƙara wata uku.

Amma don Allah kar wannan ya sa ka kulle ta a gareji kana kallo. Wannan shine abin da yafi damuna, motar da ba a hawa lalacewa take a tsaye, robobin inji su bushe su fara ɗigar da mai, batir ya mutu, taya ta yi shafal a wajen da ta daɗe a zaune, man birki ya sha danshi, fetur ya tsufa a tanki. Kuma tayarwa a barta tana ruri minti biyar a gareji ba ya wadatarwa, fita da ita za ka yi ko da sau biyu a wata, ka yi tafiyar da baƙin mai zai yi zafi sosai, giya ta shiga ta fita, birki ya yi aiki. Wasu gyare-gyaren ma ba ruwansu da mita, da kalanda suke tafiya. Bel ɗin inji na Ferrari F355 da 360 duk bayan 'yan shekaru ake canza shi ko ta yi tafiya ko ba ta yi ba, a F355 ma sai an sauke injin ɗungurungum. Taya kuma ka duba lambobi huɗu da ke gefenta, mako da shekarar da aka yi ta, in ka ga 2318 to mako na 23 ne na 2018, ko da zanenta bai ci ba ta tsufa.

Takardu sune ke kare maka farashi in mita ta hau. Kowane sabis ka ajiye rasit mai kwanan wata da mil a jiki, a fayil ɗaya, a jere. Ferrari na ba sabbin motocinta sabis na shekara 7 kyauta, sau ɗaya a shekara ko duk kilomita 20,000, kuma yana bin motar zuwa hannun mai saye na gaba, to tsallake shekara guda a wannan littafin asara ce da ba dalili. Mai saye da ya san abin da yake yi zai fi sakin jiki da mai mil 25,000 da cikakken tarihi akan mai 6,000 da aka yi shekara huɗu ba a canza mata mai ba.

Irin tafiyar ma ana dubawa. Mil 1,000 a babban titi ba ɗaya yake da mil 1,000 a filin tsere ko cikin cunkoso ba, kuma motar da kanta tana faɗa. A Gallardo mai e-gear da Ferrari mai giyar F1, wato giyoyin da kwamfutar mota ke kama kuloci da kanta, kwamfutar makanike na nuna kashi nawa na kuloci ya cinye. A Porsche akwai rahoton da ke nuna sau nawa aka wuce da inji iyakarsa, da awa nawa ya yi yana aiki. Kafin ka sa ta kasuwa ka je a ciro maka waɗannan, ka ɗauki hoton gefen kujerar direba da sitiyari da gaban bamba inda tsakuwa ke tsattsage fenti, in akwai abin gyara ka gyara.

Mayar da mita baya kuwa ko a mafarki kar ka yi. Laifi ne a ƙasashe da yawa, kuma kamawa ba wuya, a Amurka Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci, na ajiye mil ɗin da aka rubuta a sabis, a Birtaniya duk gwajin MOT, wato duba lafiyar mota na shekara-shekara, ana rubuta mil kuma kowa na iya dubawa a intanet kyauta. In kai ne mai saye, raba mil da awannin injin, in ta nuna gudun da bai yi kama da hankali ba, ka nemi makaniken da ya san irin motar ya duba maka ita tun kafin ka ba da ko sisi na kafin alƙalami.