Yadda ake ƙiyasta dukiyar Scrooge McDuck ba tare da aringizo ba

Yawancin masu gwada wannan lissafi a wuri guda suke tuntuɓe: suna ganin attajirin agwagwan nan na katun ɗin Disney, wanda mai zane Carl Barks ya ƙirƙira a 1947, yana ninƙaya cikin rumbun kuɗinsa, sai su ɗauka duk abin da ke ciki zinariya ce.

Fara da girman rumbun. Zanen da Don Rosa, wani mai zana labaran Scrooge, ya fitar ya ba shi faɗin kusan ƙafa 120. Cire kaurin bango, ka ɗauki mita 35 kowane gefe, zurfin kuɗin kuma mita 27. Ka samu kusan mita kubik 33,000. Kar ka auna da hoton talabijin, girman ginin yana sauyawa daga fitowa zuwa fitowa.

Sai ka cire iska. Sulallan da aka zuba a tsibi ba sa cike wuri, akwai giɓi tsakaninsu. Ni kashi 60 cikin ɗari nake ɗauka, wanda ya bar mita kubik 20,000 na ƙarfe zalla.

To, a nan ne ake ɓarin. Mita kubik ɗaya na zinariya tan 19.3 ne, wato kusan oza 620,000 (oza ma'aunin nauyin zinariya ce, kusan giram 31). Ninka da 20,000, ka tashi da tan 386,000. Amma duk zinariyar da ɗan Adam ya taɓa haƙowa tun farkon tarihi kimanin tan 220,000 ce kawai. Ke nan agwagwa ɗaya ya tara kusan ninki biyu na abin da ke hannun duniya gaba ɗaya. Ko a kan dala 2,000 kowace oza, lissafin ya doshi dala tiriliyan 25. Duk wanda ya kawo maka irin wannan adadi, ka ce ya koma ya sake.

A zanen Barks na asali, rumbun cike yake da sulallan kashewa na yau da kullum, gauraye da takardun kuɗi. Saboda haka ɗauki sulen santi 25 na Amurka a matsayin ma'auni. Bisa faɗi da kaurin sulen, mita kubik ɗaya yana ɗaukar sulalla miliyan 1.2 da ɗoriya, kusan dala 309,000. Rumbun gaba ɗaya bai wuce dala biliyan 6 da 'yan kai ba. In kana da lokaci ka ƙara masa daraja, don sulallan santi 25 da aka buga kafin 1965 kashi 90 azurfa ne, amma kalkuletar waya ta isa, ba sai ka sayi wata manhaja ba.

Saura kamfanonin da ya mallaka: ma'adinai, rijiyoyin mai, jiragen ƙasa. Kwatanta kowanne da takwaransa a kasuwar hannun jari, ka tara. Sannan ka gwada da na mujallar Forbes, wadda ta ba shi dala biliyan 65.4 a 2013. In naka ya zarce wannan sau ɗari, koma matakin zinariya.