Kurakuran da Ake Tafkawa Wajen Neman Kayan Gyaran Tsohon Injin Wanki

Da wuya tsohon injin wanki ya mutu gaba ɗaya. Abu guda ne yake lalacewa a ciki, ko famfo ko bel ko boris, sauran jikin kuwa lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ishe ni shi ne yadda masu koyon gyara, da masu injin da ke son gyarawa da kansu, suke ƙarasa shi da hannunsu a wajen neman wannan abu guda ɗin. Kurakuran kuma ba sa canzawa, na jiya su ne na yau.

Babbansu shi ne fita sayayya da sunan kamfani kawai. Mutum ya ce yana neman famfon zubar da ruwa na LG, ko robar ƙofa ta Bosch, ya ja bakinsa ya yi shiru. Wane LG? Kamfani ɗaya yana da samfura barkatai, kuma samfuri ɗaya ma akan canza masa kayan ciki ba tare da an taɓa sunan da ke goshinsa ba. Abin da kake buƙata yana kan 'yar takardar da aka manna a jikin injin. In ta gaba ake buɗe shi, duba bakin ƙofa ko cikin murfin matata da ke ƙasa. In ta sama ne, duba bayansa. A Bosch da Siemens ana rubuta E-Nr da FD, kuma lambobi biyun nan da ke bin alamar / a ƙarshen E-Nr, waɗanda kowa ke watsarwa, su ne ke faɗin wane zubi ne naka. A Electrolux da AEG da Zanussi lambar PNC ake nema. Kwafe ta duka, kada ka bar ko harafi ɗaya.

Na san zafin wannan, domin an taɓa miƙo mini robar ƙofa aka ce ai duk ɗaya ne, na dube ta da ido na karɓa. Na kwance gaban injin kaf, na sha fama da zoben waya har ta zauna. Ashe leɓenta bai kai na tsohuwar ba. Wankin farko ruwa ya bi ta gefen ƙofa ya sauka a kan wayoyi, mai kaya kuma ya ce abin da aka ɗaura ba ya dawowa. Kama da wane ba wane ba ce. Tun daga nan ba na fita sai da hoton takardar, da hoton abin da ya lalace gaba da baya, da na wayoyinsa kafin in zare su. Tsohon kuma ba na yar da shi sai sabon ya yi wanki cikakke.

Na biyu, saye kafin gwaji. Injin ya nuna OE in LG ne, ko 5E ko 5C in Samsung ne, ko E18 in Bosch ne, sai a ruga neman famfo. Alamar nan cewa kawai take yi ruwa bai fita ba, ba ta ce famfon ya ƙone ba. Buɗe matatar da ke ƙasa tukuna, ka tara roba ta tare ruwan. Sau da yawa tsabar kuɗi ce, ko maɓalli, ko safar yaro ta toshe hanya. Hita ma gwada ta ake yi da mita bayan an zare filogi: mai wat 2000 za ta ba ka wajen om 26 in tana da rai. Injin da ya daina juyawa, in motar lantarkin da ke juya shi irin mai burushin gawayi ce, a duba burushin kafin a yi maganar sabuwar mota, kuma biyun ake canzawa tare. Mai ganga biyu da ke gurnani ba ya tashi, fara da kafasita, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa motar tashi. Adadin µF da ke rubuce a jikin sabuwar ya zama daidai da na tsohuwar, bolt ɗinta na wuta kada ya gaza, kuma a sauke cajin da ke cikinta kafin a sa hannu.

Amma masu fara zargin fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, su ne suka fi ba ni haushi. Haba jama'a! Yana cikin kayan da suka fi tsada a injin, wasu ma sai an loda masu bayanin samfurin kafin su yi aiki, kuma galibi wani abu ne ya kashe shi, ko hita da ta haɗa wuta ko makullin ƙofa. Ka sa sabo ba ka nemo makashin ba, sabon ma ya bi sahu. Ni fanel ne na ƙarshe a lissafina, kullum.

Sai boris. Idan injin ya fara ruri lokacin matse kaya, kowa ya san boris ne, kuma samunsa ba wuya, domin ba kamfanin injin ke ƙera shi ba. Lambarsa tana gefensa, 6205 ko 6206 ko makamancinsu, kuma 6205 ko'ina a duniya milimita 25 ne a ciki, 52 a waje. To, me ya kashe shi tun farko? Ruwa. Ta ina ya shiga? Ta sil ɗin roba da ke gabansa. Duk da haka za ka ga mutum ya wuni yana kwance ganga, ya buga sabon boris, ya mayar da tsohon sil saboda yana ganin bai yage ba. Wannan ba tattali ba ne, sake aikin ne kawai aka ɗage zuwa 'yan watanni. Sil sabo, da girisinsa, ba ciniki. Kuma kafin ka sayi komai, zaro gangar ka duba shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya ta, inda sil ke gogawa, ka duba ƙarfen nan mai hannu uku da ke riƙe da ita ta baya. Sabulu da laima suna cin sa har ya tsage. In ya tsage ko shaf ya yi rami, boris kaɗai ba zai tsinana komai ba. Wasu injinan ma tukunyar wajen, wadda gangar ke juyawa a cikinta, a like take, ba noti, don haka a tabbatar tana rabuwa kafin a kashe kuɗi.

Ƙananan kurakurai kuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ka auna tsohon bel da igiya, ya riga ya miƙe. Karanta rubutunsa, 1195 J5 na nufin tsawon milimita 1195 da layuka biyar. Shakazoba bibbiyu ake canza su, da ƙarfi iri ɗaya, in 100N ne to 100N. Mai yin oda ta intanet ya lura cewa kayan da aka yi don Amurka na bolt 120 ne, ba za su zauna a injin mai bolt 220 zuwa 240 ba, ko da sunan kamfanin ɗaya ne.

Akwai kuma masu saurin karaya da zarar an ce kamfani ya daina yin kayan. Tarayyar Turai ta sa doka daga Maris 2021 cewa a riƙa samar da muhimman kayan injin wanki har shekara goma, amma injin da ya girmi dokar bai shiga ciki ba. Duk da haka kada ka tsaya. Famfo da yawa kamfanoni irin su Askoll da Plaset da Hanning ne ke ƙera wa masu injinan, saboda haka nemi lambar da ke jikin famfon kansa. Wani lokaci kuma sauya wa kayan lamba kawai aka yi, sai ka tambayi wace ce ta maye gurbin tsohuwar.

In duk sun ƙi, nemi mataccen inji irin naka ka cire. Ƙofa, aljihun sabulu, maɓallin juyawa, mota, har fanel in lambobin sun dace, duk ina karɓarsu na hannu. Roba da bel da sil da boris kuwa ba na sa na hannu ko kyauta aka ba ni, domin shekarun da suka ci naka sun ci su.