Yadda zaka gano abinda kake nema cikin cunkoso

Ido ba shi kaɗai yake nema ba, abinda ka riƙe a kai a lokacin shi yake jan sa. Akwai ɗan wurin da ƙwaƙwalwa take riƙe abu na ɗan lokaci tana aiki da shi, masana ilimin tunanin ɗan Adam Baddeley da Hitch sun yi bayaninsa tun 1974, kuma wurin ƙarami ne sosai, binciken Luck da Vogel na 1997 ya nuna abubuwa wajen 4 kacal yake ɗauka cikin abinda ido ya gani. Duk hoton da ka saka a ciki kuwa, can idonka zai rinƙa karkata ko baka yi niyya ba.

To kafin ka fara waige-waige, tsaya tukuna. A ce ka fito daga Masallacin Ƙasa na Abuja ran Juma'a takalma sun yi tuli a bakin ƙofa, kawo hoton naka a ranka, ka zaɓi abu ɗaya da ya raba shi da saura. In "baƙi" ka riƙe alhali yawancinsu baƙaƙe ne, dole ido ya bi su ɗaya bayan ɗaya, amma in jan zaren nan na gefen maɗauri ka riƙe, kusan da kansa zai fito maka. Treisman da Gelade sun nuna haka a 1980, abinda ya fita daban da alama ɗaya nan take ake hango shi komai yawan na kewaye. Haka in baƙo zaka tarba a tashar Jabi, ce ya turo hoto ta WhatsApp da kayan da ke jikinsa yau, ya fi kwatancen baki nesa ba kusa ba.

Sannan ka rage wa kanka kaya. Kana waya, kana lissafin kuɗin cefane, kana neman inda ka yi fakin a kasuwar Wuse, ai wurin ya cika, komai zai iya ɗauke maka hankali. Kashe wayar, rubuta lissafin, ka bi motocin layi-layi daga gefe ɗaya, don tuna inda ka riga ka duba shi ma wuri yake ci.

Abinda ya fi damuna shi ne hoton da ba daidai ba, musamman in yaro ne ya ɓace. Uwa tana neman shuɗiyar riga, ashe ya ɗora rigar sanyi a kai, sai idonta ya wuce shi yana tsaye kusa da ita. Ba sakaci bane wallahi, a gwajin Simons da Chabris na 1999 kusan rabin waɗanda aka sa su ƙirga jifan ƙwallo a wani bidiyo basu ga mutum cikin shigar goggon biri da ya ratsa ta tsakiya ba. Don Allah duk ranar da zaku shiga taro da yara, ɗauke su hoto a bakin ƙofa kafin ku fita, in kuma an duba sau biyu babu, a bar launin riga a koma kan tsayi da fuska.