Makarantar kuɗi ko ta cata? Kurakuran da iyaye ke yi a Amurka

Wanda ya taso a Kano, Maraɗi ko zangon Kumasi ya saba da cewa uba mai kishin 'ya'yansa yana ciro su daga makarantar gwamnati da zarar hali ya samu. Da wannan tunanin yawancinmu muke sauka a Amurka, kuma daga nan kuskuren farko yake farawa. Na ga magidanci yana tuƙa tasi dare da rana don biyan kuɗin makaranta, alhali a bayan layinsu akwai wadda ba a biyan ko sisi, kuma bai taɓa leƙa ta ba.

Da yawa suna ɗauka makarantar cata, wadda a takardu ake rubutawa charter, wani nau'in makarantar kuɗi ce. Ba haka ba ne. Da kuɗin haraji ake tafiyar da ita, kyauta ce, sai dai wata ƙungiya ce ke gudanar da ita bisa yarjejeniya da hukuma, kuma idan ta gaza ana iya ƙwace izinin. Jihar Minesota ce ta fara yin dokar a 1991, makaranta ta farko ta buɗe a St. Paul a 1992. Tunda ta jama'a ce, ba ta da ikon korar yaro saboda iyayensa ba su da takardun zama. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 a shari'ar Plyler ya rufe wannan ƙofar. Mai tsoron zuwa saboda takardu ya kwantar da hankalinsa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne auna ilimi da yawan kuɗin da aka biya. A 2018 masu bincike biyu na Jami'ar Virginia, Pianta da Ansari, sun fitar da sakamakon bin yara sama da dubu har suka kai shekara 15. Da farko 'yan makarantar kuɗi sun nuna fifiko, amma da aka yi la'akari da samun iyaye da zurfin karatunsu, sai fifikon ya ɓace. Wato abin da muke gani muna sha'awa, yawancinsa daga gida yaran suka zo da shi. Makarantar da ke zaɓar ɗalibanta da jarrabawa dole sakamakonta ya yi kyau. Don haka kada ka tsaya kan maki nawa ɗalibai suka ci. Tambayi yadda yaron da ya shigo da rauni yake komawa bayan shekara ɗaya ko biyu, musamman wanda ya zo ba ya jin Turanci.

Akwai kuma masu yin akasin haka, da sun ji cata sai su miƙa yaro ido rufe. Cata suna ne kawai, kowace da halinta. Cibiyar CREDO ta Jami'ar Stanford ta gano a 2009 cewa kashi 17 cikin ɗari ne kawai na makarantun cata suka fi na gwamnati na kusa da su a lissafi, kashi 37 kuwa sun gaza su. Zuwa 2023 lamarin ya gyaru, 'yan cata sun ɗan wuce gaba a karatu da lissafi, kuma ribar ta fi fitowa a manyan birane tsakanin 'ya'yan baƙaƙe da marasa ƙarfi. Amma waɗanda ake karatunsu kacokan ta intanet, sakamakonsu ya yi muni ƙwarai. Ni dai ba zan ba kowa shawarar su ba sai da larura. Sannan wasu na cata suna da tsananin horo: yinin makaranta mai tsawo, dakatar da yaro kan ƙaramin laifi, kiran iyaye a tsakiyar aiki. Wani yaron hakan ke gyara shi, wani kuwa dusashewa yake yi. Ka nemi sanin yara nawa aka dakatar bara, da nawa suka bar makarantar kafin ƙarshen shekara. Ka kuma duba yaushe izininta zai ƙare, don cata tana iya rufewa.

Sai sakaci da lokaci. Idan masu nema sun fi gurabe yawa, ƙuri'a ake yi. A Niyok ana karɓar takardun shiga ƙuri'a zuwa 1 ga Afrilu, wanda ya zo a Agusta sai dai ya bi jerin masu jira. Cike takardar kyauta ne, ka cike wa makarantu da yawa, kuma ka ambata idan akwai wa ko ya a ciki, domin ana fifita ƙanne.

Ga iyayen da yaronsu ke da jinkirin magana, matsalar ji ko wahalar karatu, wannan ya fi komai muhimmanci. Dokar tarayya ta tilasta wa makarantun jama'a, har da na cata, su gwada yaro su tsara masa shiri na musamman da ake kira IEP, ba tare da an biya ba. Makarantar kuɗi ba ta ƙarƙashin wannan tilas ɗin, tana iya cewa ba ta da halin ɗaukarsa. Mu kuma muna da ɗabi'ar ɓoye irin wannan larura don kunya, sai mu kai yaro wurin da ake biya da zaton za a fi kula da shi. Sau da yawa hakkinsa muke raba shi da shi.

To yaushe biya yake da amfani? Idan kana iya faɗin takamaiman abin da kake saye. Addini shi ne misali mafi bayyana. Cata ba ta da izinin koyar da addini. Ko a 2025 yunƙurin buɗe ta Katolika a Oklahoma ya tsaya bayan alƙalan Kotun Ƙoli sun rabu huɗu da huɗu. Wanda ke son Alƙur'ani, Larabci da sallar azahar cikin jam'i su zama cikin yinin yaro, makarantar Musulunci ta kuɗi ce za ta ba shi, kuma dalili ne mai ƙarfi. Sai dai a nan ma kada kunya ta hana ka tambayar malam shaidar ƙwarewar masu koyar da lissafi da kimiyya, da wace hukuma ta amince da makarantar. Iyalai da yawa sun haɗa cata da Islamiyyar Asabar da Lahadi, kuma sun ga alheri.

Wani kuskuren kuma shi ne ganin farashi a juya. Manyan makarantun kuɗi na Manhattan, a birnin Niyok, sun haura dala 60,000 a shekara, amma suna yin rangwame gwargwadon samun iyali, kuma ƙungiyoyi irin su Prep for Prep da A Better Chance an kafa su ne don shigar da haziƙan yara marasa gata. A Arizona da Florida jiha ma tana ba kowane iyali tallafin da za a iya biyan makarantar kuɗi da shi. Masu yin rangwame gwargwadon samun iyali kan nemi takardar harajin bara, don haka a adana ta.

Kafin ka sa hannu, yi lissafi har ƙarshe. A ce dala 8,000 ce a shekara: daga ajin share fage (kindergarten) zuwa gama sakandare shekara 13 ne, dala 104,000 ke nan kan yaro ɗaya, ban da kayan makaranta, mota da ƙarin da ake yi kusan kowace shekara, ga kuɗin jami'a na jira, ga na gida da ake aikawa. Ka karanta yarjejeniyar da kyau, domin a yawancin makarantun kuɗi, idan ranar janyewa ta wuce, kuɗin shekarar gaba ɗaya ya hau kanka ko da ka cire yaron a watan Oktoba.